Hajijiyar Ndaceko

A shekarun da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama, wato Yaƙin Duniya na Biyu, akwai wani ɗan dako a tashar jirgin ƙasa ta Minna ana ce masa Dabo. Ƙato ne mai wuyan bijimi, shi ne kuma babba a cikin 'yan dakon tashar. Ba mafaɗaci ba ne, sai dai in abu ya shiga ransa, ko tuwo ba ya yi masa daɗi sai ya ga ƙarshensa.

Abin da ya shiga ransa a wannan shekara shi ne abin da Ndaceko yake ƙerawa a gangaren kogin Chanchaga. Ndaceko maƙeri ne daga Bida, an ɗauke shi soja aka kai shi ƙasar Hindu yana gyaran motoci. A can ya ga wani filin wasa inda mutane ke shiga wani ƙaton daro na ƙarfe, daron ya gangara kan layin dogo yana juyawa kamar mazari, su sauko suna tangaɗi, su sake komawa layi. Da ya dawo sai ya tarar da wani ramin zinariya da masu haƙa suka watsar, ga ƙananan doguna da kurar ɗiban ƙasa suna tsatsa cikin ciyawa. Ya ƙudurta zai ɗora daro a kan kurar ya ƙera irin abin da ya gani. Ya nemi izinin mai gari, aka ce ya kwasa.

Dabo da mutanensa ne suka ɗauko masa dogunan a ka, tun daga ramin har bakin kogi, rana na dukansu. Ndaceko ya ji daɗi, ya dafa kafaɗar Dabo ya ce ranar da za a saki abin, shi ne zai fara shiga. To amma ƙafafun kurar suna bukatar kitse, wurin zama kuma yana bukatar fata. Waɗannan mahauta suka kawo, bisa jagorancin Maliki, ɗan Sarkin Fawa Alhassan, wani siririn saurayi mai zafin kai da son a san da shi. Ndaceko ya dafa kafaɗar Maliki, shi ma ya yi masa irin wannan alkawari. Mutum ne mai gwanintar hannu, amma bakinsa bai iya cewa a'a ba.

Kafin a jima gari ya ɗauka. Yara suka sa wa abin suna Hajijiya, manya suka karɓa. Kullum bayan la'asar sai ka ga mutane sun yi cincirindo a gangaren, ma'aikatan reluwe da kayan aikinsu, Fulani masu tallar nono sun sauke ƙwarya, Gwarawa masu dawowa daga gona. Ana kallon Ndaceko yana kafa azara, yana ɗora dogo daga kan tudu zuwa wata kwana mai kaifi kusa da ruwa, ana gardama. Wasu su ce daron zai juya dama, wasu su ce hagu. Wani malamin tasha ya rantse cewa duk wanda ya shiga hanjinsa zai ƙulle. Dabo ba ya shiga gardamar. Yakan tsuguna daf da maƙerin, ya ƙura ido ga ƙatuwar ƙusar da daron yake zaune a kai, ya yi ta tambaya. A haka ya gane cewa ba wanda ke juya daron, nauyin mutanen ciki ne. In nauyi ya yi daidai ta kowane gefe, juyin zai zo a hankali. In ya rinjaya gefe ɗaya, to sai abin da Allah ya yi.

Maganar wanda zai fara shiga ce ta ɓata tsakanin tasha da mahauta. Wata safiya a kasuwa Maliki ya ji wani ɗan dako yana cika baki cewa Dabo ne na farko. Ya bar naman da yake yanka ya zo ya kwaɗa masa mari, har jini ya fito masa ta hanci. Labari ya kai tasha. Dabo ya zo, ya ɗaga Maliki sama a gaban mata da 'yan talla, ya nana shi cikin tarin kashin tumbi da ke bayan rumfa. Aka yi dariya. Maliki ya tashi yana tsiyaya, ya kalli Dabo kallo ɗaya ya wuce. Daga ranar 'yan dako suka daina bi ta layin mahauta su kaɗai.

Ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah Ndaceko ya gwada abinsa da buhunan yashi. Daron ya sauko yana ƙugi, mutane suna tafi, amma da ya isa kwanar nan sai juyin ya haukace, ya yi jifa da buhu ɗaya ya fashe a jikin azara. Masu kallo suka ɗauka wasa ne. Dabo kuwa ya ga fuskar maƙerin ta sauya. Ndaceko ya gaya masa cewa sai ya ƙera wani takunkumi na itace da fata da zai riƙa matse ƙusar, kuma aikin ba zai ƙare kafin Sallah ba. Amma maroƙa sun riga sun zaga Bosso da Maikunkele suna shelar cewa washegarin Sallah za a saki Hajijiya, kuma Ndaceko ya kasa aika a janye maganar.

Ranar ta zo da rana mai zafi. Tun hantsi gangaren ya cika, har kan itatuwa mutane ne. 'Yan dako suka tsaya ta gabas da sandunansu. Mahauta suka iso daga baya, kai tsaye daga gidajen da suka yi fiɗar ragunan layya, riguna duk jini, wuƙaƙe a ƙugu. Daron yana can saman tudu, an tokare ƙafafunsa da gungumen itace.

Ndaceko ya hau kan dakalin da ke gefen daron ya ɗaga hannu. Da Hausarsa ta Banufe ya ce su yi masa haƙuri, abin bai gama ba, in mutum ya shiga yau zai mutu. Taron ya yi gunaguni. Wani daga baya ya ce an yaudare su, wani ya wurgo ɓawon rake.

Maliki ya ratsa mutane ya hau tudun. "Baba maƙeri, kai dai kana so ka ajiye wa ɗan dako ne," in ji shi. Ya ture hannun tsohon sojan, ya ɗaga ƙafa ya faɗa cikin daron, ya zauna kan fatar da shi ya kawo, ya harɗe hannu yana kallon gabas.

Dabo ya san abin da buhun yashi ya gamu da shi. Har yau mutane sun kasa yarda a kan ko ya hau ne don ya fito da yaron, ko don ganin wani a mazauninsa ya rufe masa ido. Shi kansa bai taɓa iya rarrabewa ba. Ya dai tsinci kansa a saman tudun, ya cafki wuyan rigar Maliki. Mahauta suka ga haka suka zabura, 'yan dako suka tare su a tsakiyar gangaren. Sanda ta farko ta sauka a goshin wani mahauci, ya zube. Ƙaninsa ya zare wuƙa ya tsarge wa mai sandan damtse daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu. Mata suka watse da gudu, ƙoren nono suna farfashewa a ƙarƙashin ƙafafu, aka tattake wata tsohuwa mai tallar ƙuli. Duwatsu suka fara tashi ta ko'ina, ba mai duba wanda zai samu.

A sama, Maliki ya riƙe gefen daron ya ƙi fitowa, ya sa ƙafa ya shuri Dabo a baki. Dabo ya ji haƙorinsa ya karye. Ya tofar da jini, ya faɗa ciki ya danne shi. Ndaceko yana jan su yana roƙo, sai wani dutse ya same shi a ƙeya, ya yi taga-taga ya faɗi kan gungumen da ke tokare da ƙafafun. Gungumen ya goce.

Da farko daron ya motsa a hankali, kamar saniya mai tashi daga kwanciya. Su biyun suna gefe ɗaya, ƙato a kan siriri, duk nauyin ya taru wuri guda. Sai ya fara juyawa. Dabo ya ji iska ta cika masa kunne, ya ga kogi, ya ga tudu, ya ga taron masu faɗa, ya sake ganin kogi, kowanne na zuwa da sauri fiye da na baya. Ƙarfe yana kuka a ƙarƙashinsu. Cikin haka ya ji wani zafi ya ratsa cinyarsa. Maliki ya zare wuƙa ya luma masa, ya zare, yana neman ciki. Dabo ya kama wuyan hannunsa ya murɗe har ya ji ƙashi ya ba da ƙara, amma yaron bai saki wuƙar ba, sai ma ya kafa masa haƙora a kunne. Jinin su biyu yana fantsama jikin daron yana zagayawa tare da su.

Dabo ya hango kwanar tana tahowa. Ya saki hannun Maliki, ya rungumi ƙarfen gefe da hannu biyu, ya ce, "Yar da wuƙar ka riƙe ƙarfe."

Maliki ya ɗaga wuƙar sama.

Daron ya shiga kwanar. Dabo ya ji kamar an fizge masa kafaɗu daga jiki, ya kuma ji jikin da ke manne da shi ya tafi. Maliki ya fita ta sama, ya bugi azarar da ke riƙe da dogo da tsakiyar bayansa, ya faɗo ƙasa a naɗe. Daron ya yi gaba kaɗan, ƙafa ɗaya ta bar dogo, ya kife, ya yi ta mirginawa da Dabo har cikin yashin bakin ruwa.

Ƙarar kifewar ce ta tsayar da faɗan. Mahauta suka ruga wurin Maliki, suka juya shi, suka ga wuyansa ya karkace, idonsa a buɗe. Ba wanda ya yi kuka a lokacin. Yayansa Yisa ya miƙe, ya dubi saman tudu inda Ndaceko yake zaune dafe da ƙeya, ya ɗauki guduma daga cikin kayan maƙerin ya hau. Mutum huɗu suka danne Ndaceko, suka shimfiɗa hannunsa na dama a kan dogo. Bai yi kokawa ba, ya dai ce da su shi ya yi gargaɗi, ya kuma faɗa a gaban kowa. Yisa ya sauke gudumar, ya sake saukewa, har sai da wani dattijon Bafulatani ya rungume shi ta baya. Sauran suka kwaso kitsen da ya rage suka shafa wa azarorin, suka cinna wuta.

Dabo yana kwance cikin yashi, rabin jikinsa a ƙarƙashin daron, yana kallon hayaƙi. Ƙasa ba ta daina juya masa ba. Ya yi amai, ya sake yi. Mahauta biyu sun nufo shi da wuƙaƙe ke nan 'yan doka suka iso da kulake, suka bi kowa da duka, mai laifi da ɗan kallo.

An yi shari'a a gaban alƙali. Shaidu suka yi ta saɓa wa juna a kan wanda ya jefi maƙerin, ba a kuma taɓa gano shi ba. Aka ɗaure Yisa, aka ɗaure Dabo da wasu daga kowane ɓangare. A asibiti aka yanke wa Ndaceko abin da ya rage na hannun. Da ya warke, matarsa Sa'adiya ta tattara kayansu suka koma Bida, wasu maƙeran kuma suka zo suka kwashe dogunan suka yi fartanya da su.

Dabo ya fito daga kurkuku yana ɗingishi, kunne ɗaya guntu. Bai je tasha ba, ya wuce kasuwa, ya bi layin mahauta shi kaɗai. Rumfa bayan rumfa aka daina sara ana kallonsa. Ya isa gaban Sarkin Fawa Alhassan ya durƙusa cikin ƙasar da jini ya jiƙa, ya yi masa ta'aziyyar da bai samu yi ba. Ya fara bayanin yadda abin ya faru, tsohon ya ɗaga hannu.

"Na ji daga bakin mutane da yawa, ba na bukatar naka," in ji shi. Ya ci gaba da rarraba haƙarƙarin da ke gabansa. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ni na bar wa Allah. Amma ina da 'ya'ya maza, Yisa kuma ya kusa fitowa, ni kuwa na tsufa. Kada ya tarar da kai a garin nan."

Dabo ya ce ya gode. Ya tashi da ƙyar, ya koma ɗakinsa ya ƙulle tabarmarsa da buta. Da la'asar tsofaffin abokan aikinsa suka taimaka masa ya hau taragon kaya na jirgin da ya nufi Kaduna, suka zaunar da shi a kan buhunan doya, ɗaya daga cikinsu ya miƙa masa ƙunshin goro ta ƙofa jirgin yana tashi.