Riɗi a Kujerar Baya

Ranar da Hajiya Laure za ta tafi Umara, da kanta ta tuƙo motarta daga Gumel zuwa Gagarawa, ta tsayar da ita a ƙofar gidan ƙanenta Ilu. Tsohuwar shugabar makaranta ce. Ita dai ta yi ritaya, amma muryar ba ta yi ba, ko gaisawa kuke yi sai ka ji kamar za ta ce ka miƙo tafin hannu.

"Ilyasu," in ji ta. Duk ranar da ta kira cikakken sunan, Ilu ya san a tsaye ake sauraro. "Idona ya fara gajiya da titi. Ga mota nan. In na dawo na same ta yadda na bar ta, ta zama taka, har da takardu. Sharaɗi ɗaya ne: mutane kawai. Ban da buhu, ban da akuya."

"Haba Yaya, ai ko tsinke ba zai shiga ba."

"Na ji. Wataƙila ka samu abin zuwa gaishe ni. Ga Gumel ga Gagarawa, amma rabonka da gidana tun sallar layya."

Ilu ya sosa ƙeya. Manomin riɗi ne, abin hawansa wani tsohon babur da ba ya tashi sai an tura shi an haɗa da addu'a. Allah ya sani yana son motar nan, son da ya hana shi barcin kirki a makon farko. Kullum da safe sai ya goge ta, ya kori kaji, ya zauna a mazaunin direba yana gaisa da masu wucewa ta taga.

To amma bazara ta yi nisa, damina ta ƙarato, aka ce irin riɗi ya yi daraja a kasuwar Maigatari. Ilu kuwa yana da buhu biyu na iri mai kyau, wanda suka gada daga mahaifinsu, marigayi Malam Halliru. Ranar Alhamis ya fita neman motar haya, duk sun cika har saman. Ya dawo ya tsaya yana kallon motar Hajiya, ita ma tana kallonsa. Mutum idan yana son abu, ba ya rasa fatawa. Ilu ya ce a ransa ai Yaya kaya ta hana, buhun da aka zaunar a kujera kuwa aka ɗaura masa bel, wannan fasinja ne.

Fasinjojin sun yi zamansu lafiya har aka wuce Gumel, inda Ilu ya sunkuyar da kai duk da ya san mai motar tana Makka. Can gaba ya faɗa wani rami, ɗinkin buhu ɗaya ya ɓalle. Wanda bai taɓa ganin riɗi ya zube ba bai san fitina ba. Gero in ya zube sai a share. Riɗi kuwa bazuwa yake yi, ya bi ɗinkin kujera, ya shige ƙarƙashin kafet, ya cika ramin bel, har aljihun bayan kujera ya samu rabonsa.

Da ya sayar da abin da ya tsira, sai aka nuna masa shagon Zayyad, wani Badamagare mai kayan ƙawata mota. Ilu ya yi masa bayani a hankali, kamar mai faɗa wa likita ciwon da ake jin kunya.

"Riɗi?" Zayyad ya girgiza kai. "Patoro, ka gamu da aiki. Ga inji iri biyu na zuƙar shara. Wannan babban, da shi ake share kamiyo, manyan motocin kaya, garanti zai zuƙe har wanda kakanka ya zubar, amma sai da janareto. Wannan ƙaramin kuma a jikin mota ake jona shi, na ɓurɓushin biskit ne. Ni dai babban zan ce ka ɗauka haya."

Ilu ya hango kansa da janareto a ƙofar gida, rabin Gagarawa sun taru suna tambayar me ya faru. Ya ce a ba shi ƙaramin.

"To ga kumfar kujera a gwangwani. Amma ka ji ni da kyau: a bushe ake zuƙewa tukun, sannan kumfa, sannan tsumma. Kada ruwa ya shiga."

Ilu ya ce to, irin to ɗin da ake ce wa mai wa'azi a tasha.

A bayan gida ya ɓoye motar, ƙarƙashin darbejiya. Ƙaramin injin ya kama kuka kamar sauro, ya zuƙi abin da bai fi cikin ludayi ba ya toshe. Ilu ya zazzage, ya sake, ya zazzage, ya sake, har batirin mota ya mutu. Ya koma kan kumfa. Ƙamshin lemon tsami ya tashi, abin sha'awa, amma riɗin ya manne da kumfar, kujerar baya ta koma kamar kantu a faranti. Nan haƙurinsa ya ƙare. Ya ƙwala wa matarsa Murja kira ta kawo bokiti da omo.

"Malam," in ji Murja, tana tsaye da bokitin, "riɗi ne fa, kuma ruwa..."

"Ke, da me ake wanke najasa? Da inji? Abin da ruwa bai taɓa ba ai bai tsarkaka ba. Miƙo."

Murja ta miƙa, ta koma ɗaki da sauran maganarta. Ilu ya wanke, ya ɗauraye, ya sake ɗaurayewa don kada Yaya ta ji warin omo. Ruwan ya kora riɗin da ke sama zuwa cikin lunguna, ido ya daina ganinsa, shi kuwa Ilu abin da ido bai gani ba ya tafi ke nan. Ya rufe gilasai ruf don kada ƙura ta shiga, ya lulluɓe motar da tampol, ya kafa doka: kada wanda ya taɓa sai mai ita ta zo.

Mai ita ta zo ranar wata Laraba da hantsi, a motar haya, da dabino da zamzam. Maƙwabta suka taru yi mata barka da sauka. Bayan an sha ruwa ta ce, "Ina amanata?"

Ilu ya ja gaba, jama'a na biye. Ya kama bakin tampol ya yaye shi da ƙarfi, irin na mai buɗe sabon masallaci. Gilasan sun yi gumi, ba a ganin ciki. Ya buɗe ƙofar baya.

Kujerar ta tsiro. Layi-layi, daidai ɗinkin, tsiron riɗi ya miƙe da ganye bibbiyu, fari-fari saboda rashin rana. Kafet ya cika fal. Ramin bel ya fitar da tsiro uku, aljihun bayan kujera kuma kamar an yi masa gemu. Ko ɗigon ruwan sama bai sauka a ƙasar Gagarawa ba, amma Ilu ya riga kowa shuka.

Wani dattijo ya leƙa, ya daɗe, ya ɗago. "Malam Ilu, irin nan akwai saura? Wallahi ko ƙwaya ɗaya ba ta ƙi fita ba."

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Ilu bai yi ba. A ransa ya ce mota ta tafi, mutunci ya bi ta. Shi da yake gane ranar shuka da ƙamshin iska, yau shi ne ya haɗa iri da ruwa da ɗumi ya rufe, yana jiran tsabta.

Hajiya Laure ma ba ta yi dariya ba. Ta tsugunna, ta cire tsiro ɗaya ta ɗora a tafin hannu.

"Irin Baba ne?"

"Shi ne, Yaya."

Ta jujjuya shi. "Da riɗin nan aka kai ni makaranta. A kan jaki Baba yake kai shi Maigatari." Ta miƙe, muryar ofis ta dawo. "Amma sharaɗi sharaɗi ne, Ilyasu. Riƙe mukullin. Duk Juma'a ka kawo min ita Gumel in duba. Ranar da na duba ban ga tsiro ko ɗaya ba, ranar zan ba ka takardu."

Ilu ya koma wurin Zayyad, wannan karon ya ɗauko babban injin, da janareto da komai, rabin Gagarawa suka taru kamar yadda ya ji tsoro. Aka kwance kujeru, aka shanya kafet a kan danga, aka zuƙe har ƙusoshi. Yara suka raɗa wa motar suna Fadama, sunan kuma ya bi ta.

Juma'ar farko Hajiya ta sa tabarau ta zagaya, ta cusa hannu ƙarƙashin kujera, ta fito da tsiro ɗaya. "Sai wani makon. Shigo, an sauke tuwo." Juma'a ta biyu, wani a gefen ƙofa. Damina ta sauka, laima ta samu wuri, kullum sai an samu ɗaya. Ilu ya saba da tuwon Gumel, ya gyara mata famfo, ya ji labarin Makka har ya haddace, ya kuma lura gidan yayarsa shiru ya yi masa yawa tun da 'ya'yanta suka watse Kano da Dutse.

Wata Juma'a da ya tafi da Murja, suna hanyar dawowa ta ce, "Malam, in faɗa maka abin da na gani? Kana masallaci, Yaya ta buɗe mota ta kwance haɓar zaninta. Riɗi ne a ƙulle. Ta barbaɗa kaɗan a ƙarƙashin kujerarka."

Ilu ya taka birki a gefen titi. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai tausayi da kunya suka kama shi. Ya sa giya suka ci gaba da tafiya.

Da suka isa gida ya ce Murja ta ɗebo masa ruwa a buta.

"Alwala za ka yi?"

"A'a," in ji Ilu, ya tsugunna ya leƙa ƙarƙashin kujera. "Makon nan rana ta yi yawa. In ban yayyafa ba, ba zai fito kafin Juma'a ba."