Ladan Tsahara

Da hannu Tsahara ta gane gyaɗar ta sha ruwa. Ta nutsa yatsu cikin buhu, ta murje ƙwaya ɗaya, ta ce wa mai amalanke ya juya da kayansa. Idonta na hagu ya daɗe da rufewa da yana, na dama kuma ya soma nuna mata mutane kamar ta cikin hayaƙi. Likitan ido a Konni bai ɓoye mata ba: baƙin likitocin da ke aikin cire yana za su tashi kafin damina, saura mako goma, kuma kuɗinsa jikka saba'in, wato sefa dubu saba'in. Ga ta da injin matsar mai, ga mata uku a ƙarƙashinta, rabin unguwarsu a Illela da manta suke miya, amma ba ta da jikka saba'in da za ta kira nata.

Ba asara aka yi ba. Abin ya samo asali ne daga tsarin uwarsu, Allah ya ji ƙanta. A wajenta kuɗin mai na uwar kuɗi ne, da shi ake sayo wata gyaɗar. Ƙuli-ƙulin da aka soya da tunkuza shi ne ladan mai aiki. Da wannan ƙuli Tsahara ta yi zannuwa, ta aurar da 'ya'ya biyu. Da ƙanenta Munkaila ya dawo daga cin rani ya sayo inji, suka yi tarayya a kan tsarin nan: mai na su biyu, riba sai babbar salla a raba, ƙuli na Yaya.

Sai dai injin ba turmi ba ne. Yana tatse gyaɗa ƙarƙaf, ya tofar da tunkuza busasshiya wadda ko an soya ta sai ta nemi haƙorin mutum. Munkaila ya samo masu kiwo a Konni suna saye buhu-buhu, kuɗin yana shiga uwar kuɗi. Shekara uku ke nan injin yana cinye ladanta, ita kuma tana shafa masa mai kowace safiya.

Da ta roƙa, Munkaila zai biya aikin idon, wannan ba ta shakka. Amma ta san ƙanenta. Kafin a cire mata bandeji labari ya kai Tajaye wajen dangi cewa shi ya buɗe wa yayarsa ido, kuma za ta yi ta godiya har ta shiga kabari. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan, ta yi godiya a kan guminta. Saboda haka ta aika masa cewa ya zo da hantsi, tana son a yanka mata lada na mako-mako kamar kowace ma'aikaciya.

Nawa? Nan ne barci da abinci suka gagare ta kwana uku. Ta san kuɗin komai a kasuwa, daga tiyar gyaɗa har igiyar ɗaure buhu, amma ba ta taɓa yi wa kanta kuɗi ba. In ta faɗi da yawa, a ce ta fara cin uwar kuɗi, abin da uwarsu ta fi ƙyama a duniya. In ta faɗi kaɗan, idon ya tafi.

Safiya, wadda ke suya tun kafin zuwan inji, tana karɓar jikka huɗu a mako, kuma bakinta ba ya da linzami. Tana juya gyaɗa a kasko ta lissafa mata: wa ke zaɓen kaya, wa ya san lokacin da wuta ta isa, wa masu shago ke yarda da shi? Ranar da Tsahara ta kwanta, in ji ta, sai an ɗauki mutum uku, kuma duk da haka man zai yi ɗaci.

"Ki ce goma sha biyat," in ji Safiya. "Shi taya, ki sauko goma. Kada ki ji kunyatai, shi bai jin taki."

Tsahara ta ce mata ta kula da kaskonta. A ranta ta tsayar da bakwai. Bakwai sau goma ya kai ta gaban likita, ko da ba za ta sayi ko goro ba.

Munkaila ya zo a kan babur, cikin farar shadda da ba ta taɓa sanin hayaƙin suya ba. Ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya kamata, ya tambayi ido, ya yi addu'a. Aka kashe inji, gidan ya yi tsit, matan nan uku suka zama masu aikin shiru. Ya fara da tsadar gazuwal, man da inji ke sha, ya bi ta kan bel ɗin inji da ke neman canji, ya sauka kan yadda naira ta karya ciniki a bakin iyaka. Duk gaskiya ne, kuma kowace gaskiya tana rage mata ƙarfin baki. Ya ce shi bai taɓa jin an biya mai abu a kan abinsa ba, amma tunda Yaya ce, ba zai musa ba.

"Ni ban iya yanka maki, kin girme ni," ya ce. "Hwaɗi da bakinki."

Ta dube shi. Ta cikin hazon idonta ba ta ga shadda ba, sai yaron da ta goya tana daka, wanda ta tauna wa ƙuli ta sa masa a baki. Ta yaya za ta yi ciniki da wannan a gaban ma'aikata? Ta so ta ce bakwai, kunya ta hana.

"Biyat," ta ce. "Jikka biyat."

Kasko ya daina ƙara a bayanta. Ta jira ya ce ya yi yawa, ko ya nemi ragi, don ta samu ƙofar jayayya ta faɗi abin da ke ranta.

"Na yarda," ya ce, tun ba ta rufe baki ba. "Allah shi sa albarka."

Ya sa hannu aljihu ya fito da takardun jikka-jikka da aka riga aka ware, an ɗaure su da roba tun daga gida. Ya zare biyar, ya miƙa mata da hannu biyu. Sauran ya naɗe, ya mayar da robar. Ko da ido ɗaya, ta ga abin da ya koma aljihu ya fi abin da ke hannunta kauri. Ashe ya daɗe da sanin kuɗinta, ita ce ba ta sani ba.

Babba ba ya faɗin magana a gaban mutane ya dawo ya lashe ta. Ta ƙulle kuɗin a bakin zane, ta ji bakinta yana cewa ta gode.

Babur ya tashi. Safiya ta ba ta baya ta ci gaba da juya gyaɗarta, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Tsahara ta laluba bango har ta samu makunnin inji, ta ce a kawo gyaɗar da ta huce.