Numfashin Ladan Haliru

Babana, Malam Haliru, shi ne ladanin masallacin unguwarmu a Furfuri tun kafin a haife ni. Ba mu da lasifika, muryarsa ce kawai. Sana'arsa kuwa injin niƙa, ya fi shekara ashirin yana cikin ƙurar gari da hayaƙi.

Tari ya fara masa a hankali, har ya zauna. Daga baya sai ya zama in ya kai rabin kiran salla numfashi ya ɗauke, ya dafa bango, abokin wasansa Manu mai shanu ya ƙarasa.

Sau uku ana gwada kakinsa a asibitin da ke kusa da mu, ana cewa ba tarin fuka ba ne. Ma'aikacin asibitin ya ce na'urar da ake hurawa a auna huhu ba su da ita, ko a birni ma sai an dace. Ya rubuta mana inhela, wato ɗan maganin nan na fesawa. Muka nema a Bungudu babu. Yayata Hussaina da ke aure a Tsafe ta samo, ta ba direba ya kawo. Takardar da ke ciki Turanci ce, kuma ba wanda ya nuna mana komai.

Wata biyu Baba yana amfani da ita safe da yamma, ba fashi. Sauƙi bai zo ba.

Rannan bayan la'asar Liman ya zaunar da shi, cikin ladabi ya ce, "Malam Haliru, in azumi ya kama jikin bai sake ka ba, a bar wa Manu ke nan. Kai ma ka huta."

Baba ya ce to. Amma tun daga ranar ya rage cin tuwo, kuma in Manu na kira sai ya shige ɗaki.

Na lallashe shi muka hau mota zuwa wani asibiti a Gusau. Muka yini a layi. Bayan likita ya saurari ƙirjinsa, ya tura mu wurin wata nas, Sista Deborah, ita kuma ta karɓi inhelar ta girgiza.

"Baba, nuna mini yadda kake yi."

"A ba ni ruwa a kofi, ɗiyata."

Aka kawo. Baba ya yi bismilla, ya fesa sau biyu a cikin ruwan, ya karkaɗa kofin, ya shanye. Ni ban ga wani aibu ba, don kullum ni ke kawo masa ruwan.

Sista ta rufe baki da hannu, kafaɗunta na rawa. Baba ya dube ta.

"Mi ya faru? Magani ai sha akai, kamar rubutu."

"Baba, cikinka lafiyarsa ƙalau, ga shi wata biyu kana ta yi masa hidima. Huhun kuwa yana can yana jira."

Shi ma sai ya yi dariya, har tari ya sarƙe shi.

Ta ɗauko robar ruwa wadda ba komai ciki, ta huda gindinta, ta cusa bakin inhelar. Ta ce ya sa bakin robar a bakinsa. Ta fesa sau ɗaya, ta ce ya ja a hankali, ya riƙe, kada ya yi gaggawar saki. Sau shida ta sa shi maimaitawa, ni ma ta sa na yi a gabanta. Ba ta ɓoye mana ba: ta ce ciwon ba mai warkewa ba ne, lallaɓa shi ake yi. Ta ce ya bar injin niƙa, ya riƙa zuwa ana duba shi, kuma kada maganin ya yanke.

Tun kafin mu kai tasha ya ce mini, "Sabiru, kamar an sassauta mini ɗamara."

Injin ya koma hannuna, ina ɗaura ƙyalle a hanci. Baba kuwa kullum da hantsi yakan tafi bayan gari ya gwada muryarsa inda ba kowa.

Saura kwana huɗu azumi, da azahar, ya riga Manu hawa dakalin da ake kiran salla.

"In tsaya kusa, ladan?" in ji Manu. "Ko in kawo kujera?"

"Tsaya nan, Bafillace, ka koyi aiki."

Ya sa yatsu a kunne. Na tsaya a bakin rijiya da buta a hannu, na kasa zuba ruwan. Muryar ba ta kai ta da ba, amma ta fita sarai. Da ya zo inda yake yankewa, ya yi shiru, ya ja numfashi a hankali yadda aka koya masa, ya wuce. Ya kai har ƙarshe bai taɓa bango ba.

Manu ya gyara hula ya ce, "To, ni na koma wajen shanuna."

Da sahu ya daidaita, Liman ya waiwayo, ya duba har ya gano shi.

"Malam Haliru, tada iƙama."