Jar Alewar Manzo

A shekara ta biyar da samun mulkin kai, azumi ya faɗo cikin tsananin sanyi, kuma ya tarar da Lantana cikin takaba. Mijinta, Manzo mai alewa, ya rasu bayan an gama yankan gero, ciwon ƙirji na kwana tara kawai.

A Falanko ba wanda bai san shi ba. Sauran watanni manomi ne kamar kowa, amma da azumi ya haura ashirin da biyar sai ya rufe kansa a zaure, ya hura wuta. Ranar Sallah ya fito da faifai uku na alewa: fara, da ruwan ɗorawa, da ja mai ɗaukar ido, an murɗe su wuri ɗaya kamar igiya. Ba ya sayarwa ranar. Allah bai ba su haihuwa ba, don haka yakan ce duk yaron da ya shigo barka da Sallah nasa ne har ya tsotse alewarsa ya fita.

Ana gobe zai rasu ya kira ta, ya nuna mata ƙarƙashin gado. Kan sukari biyu ne a naɗe cikin shuɗiyar takarda, waɗanda ya sayo a Tanut tun yana da lafiya.

“Ki fasa kai ɗaya kashi uku,” ya ce, yana hutawa tsakanin kalmomi. “Kowane kashi ruwa ludayi ɗaya. Na ja ki jiƙa soɓorodo a ciki, na ɗorawa gangamau, na fari ki matsa tsamiya kaɗan. Idan ya dahu, ki ɗiga a ruwan sanyi. In ya yi ƙara kamar an taka busasshen kara, ki sauke. Lantana, kada yaran garin nan su yi Sallah ba ja a bakinsu.”

Ta ce to.

Ran ashirin da takwas ga azumi ta saki asabarin ƙofar zaure, ta share, ta wanke faffaɗan dutsen da yake zuba alewa a kai, ta shafa masa man gyaɗa. Shekara goma sha tara tana gidan, amma ba ta taɓa zama nan lokacin aikin ba. Wurin maza ne, daga tsakar gida take jin ƙamshi. Turken ƙarfen da yake jan alewa a kai yana nan kafe a ginshiƙi, ya yi santsi saboda hannu. A kusurwa akwai wani tulu, babu komai ciki sai saƙar gizo-gizo. Ta kawar da kai daga gare shi, ta ɗebo ruwa daga randar tsakar gida.

Ta bi maganarsa ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda ba. Ɗigon ya yi ƙara a ruwan sanyi yadda ya faɗa. Amma da ta juye na ja a kan dutse, sai ta ga abu baƙi-baƙi kamar hantar da ta kwana. Na ɗorawa kuwa ya fito kamar ƙasar gini. Har farin ma, duk jan da ta yi masa a turke, bai wuce launin tsohon zane ba.

Tana tsaye a kansu Rabi ta shigo. Rabi yayar Manzo ce, ita ke kwana da Lantana tun ranar rasuwa, mace mai tausayi a zuci da kaifi a baki. Ta dubi dutsen, ta riƙe haɓa.

“Innalillahi. Wannan za ki ba 'ya'yan mutane?”

“Yaya, wallahi yadda ya ce haka na yi.”

“Na sani. Ba hannunki ba ne, lokacin ne. Mai takaba ba ta kwalli, ba ta lalle, ba ta jan zane. To, yaya ja zai yarda ya fito daga tukunyarta? Ki bari. Kan sukarin da ya rage a kai wa liman sadaka, ladan ya isa kabarinsa.”

Lantana ta kwashe alewar daga kan dutsen. Da aka sha ruwa ta ɓalli kaɗan ta sa a baki. Zaƙi akwai, amma ba alewar Manzo ba ce. Ko yaron goye ba zai ruɗu ba. Ta zauna tana juya maganar Rabi. Idan gaskiya ce, to ya roƙe ta abin da mutuwarsa da kanta ta hana. Idan kuma ba gaskiya ba ce, saura mata kai ɗaya, kuma ba ta san inda ta kuskure ba balle ta gyara.

Washegari da hantsi aka yi sallama daga ƙofa, da muryar da ta saba. Dado ce, tsohuwar Bafillatana mai kawo nono daga rugar da ke hanyar Belbeji. Tun kaka suka yi nisa da shanu, sai yanzu suka dawo kusa, kuma a bakin rijiya ta ji labarin rasuwar. Ta sauke ƙwarya, ta zauna a ƙasa, ta yi gaisuwa doguwa, ta share ido da bakin mayafi. Sannan ta hango Rabi. Su Rabi asalinsu Barebari ne, tsakaninsu da Fulani kuwa wasa ba ya jiran a gama makoki.

“Au, baiwata, kina nan? Ke mutuwa ta ƙi, ta ɗauki na kirkin.”

“Tana jiran ki yi gaba, 'yar Fillo. Nonon nan naki ruwa nawa kika zuba masa yau?”

“Daidai hankalinki.”

Rabi ta yi dariyar da ba ta yi ba cikin wata biyu, ta tashi ɗauko ƙwarya. Dado ta juyo ga Lantana.

“Ni dai tun shekaranjiya nake duban hanya. Na ce bana jakin Manzo ya makara. Ashe.”

Maganar ta soki Lantana. Kowace shekara, ana saura kwana huɗu ko biyar Sallah, Manzo yakan ɗaura wa jaki salka tun asuba, ya tafi rijiyar makiyaya, ya bi layi bayan shanu da raƙuma, bai dawowa sai gab da magariba, leɓɓansa a bushe. Ya juye ruwan a tulun zaure. Ita a ganinta hira ce ke kai shi, da gudun aikin gida, ga rijiya a tsakiyar gari. Bara har ta ƙi yi masa sannu da zuwa. Ta ajiye masa kunu ta juya baya, ta ce mutum da girmansa ya wahalar da kansa da dabba cikin azumi saboda baƙi su ce ruwan zaurensa da daɗi. Shi kuwa ya yi murmushi kawai, ya ce, “Bari dai, Lantana.”

“Goggo Dado,” ta ce a hankali, “me yake yi da ruwan nan?”

Dado ta dube ta da mamaki. “Ke matarsa kike tambayata? Alewa mana. Ya ce ruwan garinku yana cinye masa ja.”

“Ruwanmu? Me ya same shi?”

“Kanwa! Ku da aka haifa a kansa ba kwa ji. Mu in mun sha, har maƙoshi. Shanunmu ne kawai ke son sa.”

Lantana ta tashi. Ta kawo ludayi biyu da ragowar soɓorodo. Ɗaya ta cika daga randa. Dado ta gane, ta kwance 'yar gorar ruwan rijiyarsu da ke rataye a kafaɗarta, ta tsiyaya kaɗan a ɗayan. Suka jefa soɓorodo a kowanne, suka zuba ido, Rabi ma ta dawo ta tsaya a kansu da ƙwarya a hannu. Na randa ya yi duhu, ya koma kamar ruwan rini. Na gora ya buɗe a hankali, ja wur.

Lantana na kallon jan nan, tana ganin bayanta da ta juya wa Manzo bara. Ya faɗa mata ludayi nawa, ya faɗa mata ƙarar ɗigo, bai faɗi wane ruwa ba. Wataƙila numfashi ne bai kai ba. Wataƙila kuma ya ɗauka ta sani tun da daɗewa, fushin baki kawai take yi.

Rabi ce ta fara motsi. “To, a sami wanda zai kora jakin nan.”

“Yanzu?” in ji Dado. “Kafin ya kai, ya bi layi, ya dawo, an yi isha. In aka ga wata yau fa?”

Lantana ta san haka ne. Yau ashirin da tara. Ita kuma ko ƙofar gida ba ta da ikon tsallakewa. Ta dubi gorar, ta kawar da ido da sauri, don ta san ta mene ce: Dado sai ta sayar da nono ta yi sayayyar Sallah kafin ta kama hanya, magariba a daji za ta same ta, da ruwan nan za ta buɗe baki.

Dado ta girgiza gorar kusa da kunnenta. “Ludayi nawa?”

“Uku. A'a, Goggo, ba zan karɓa ba. Azuminki fa?”

“Cika min da naku. Yau ɗaya in sha abin da Barebari ke sha, in ji ko shi ke sa su surutu.”

Ruwan ya kai ludayi uku da ɗan kaɗan. Lantana ta fasa kai na ƙarshe, guntu ɗaya ya faɗi ƙasa. Ta ɗauka, ta hure, ta mayar. Ta fara da na ɗorawa, ya fito kamar gwaiduwar ƙwai, ta ajiye kusa da garwashi kada ya daskare. Ta dafa na ja, ba ta yarda ta duba sosai ba sai da ɗigon ya yi ƙara. Da ta juye a dutse, Rabi ta ce, “Allahu akbar,” can ƙasa-ƙasa, ta toshe baki da mayafi.

Farin ne ya so ya gagare ta. Sai a rataya shi a turke da zafinsa, a ja, a ninka, a sake ratayawa, har ya yi fari, kuma in aka yi sanyin hannu sai ya sandare a hanya. Tafin hannunta ya yi ja, kafaɗunta suka mutu. Sai ta ji an ture ta gefe.

“Matsa. Ni na goya shi, na ga lokacin da ya koyi abin nan yana ƙona yatsu.”

Rabi ta shafa mai a hannu, ta kama. Suka riƙa karɓa-karɓa, ɗaya ta ja, ɗaya ta huta, ba mai ambaton takaba. Suka jera launi ukun, suka murɗa, suka miƙar a kan dutse, Lantana na bi da bayan wuƙa tana karyawa gutsi-gutsi. Ba su kai na Manzo kyau ba, wasu sun yi kauri, wasu sun karkace. Faifai biyu suka cika, ba uku ba.

Da magariba aka ji harbin bindiga daga ƙofar mai gari. An ga wata. Lantana ta ɗaga ludayin ruwa za ta sha, ta tuna da tsohuwa a kan hanya da gorar ruwan kanwa, ta yi mata addu'a kafin ta kai baki.

Da safe bayan an sauko daga idi, Rabi ta ɗauki fayafayan ta zauna a zaure, a inda ƙanenta yake zama. Lantana ta tsaya daga ciki, bayan zana, cikin farin zanenta. Ta ji ƙafafu, ta ji an yi tsit a bakin ƙofa. Yaran sun zo bisa sabo, sun kuma tuna babu mai gidan. Sai muryar Rabi: “Ku shigo mana! Ɗaya-ɗaya, kuma kowa ya ce Allah ya jiƙan Manzo kafin ya sa a baki.”

Ta riƙa jin addu'ar tana fitowa daga ƙananan bakuna, wasu da ƙarfi, wasu cikin kunya, wani ma alewar na cikin kuncinsa. Ta tsagar zana ta hango wata 'yar yarinya tana zaro harshe tana nuna wa ƙawarta. Ja ne wur.

Da zaure ya yi shiru Rabi ta shigo da fayafayan a kife, ta zauna tana matsa kafaɗa.

“Jiya ƙanenmu Alhassan ya ce in an zo rabon gado a fara sayar da jakin nan, tunda ba mai hawansa.”

Lantana ta ɗauko tulun kusurwa, ta zuba masa ruwa tana wanke saƙar gizo-gizon.

“Yaya, ki ce masa a bar min jakin cikin rabona,” ta ce. “Baɗi ina da tafiya.”