Kifi Mai Sulke a Kogin Potomac

Tun da wata jami'a ta bakin teku ta ɗauki 'yarsa Sailuba, hankalin Hamissou bai sake kwanciya ba. Wai karatun kifi za ta yi, can arewa mai nisa inda ba su da kowa. Ita ce 'yarsa ta fari, ba ta taɓa kwana a gidan wani ba. Makarantar na jiran amsa ranar Litinin, yarinyar kuma ta ce ba za ta amsa musu ba sai ya yarda. Haka ya yi ta jan tasinsa daga Woodbridge zuwa Washington, yana saƙa abubuwan da za su iya samunta yana kwancewa.

Ranar Lahadi da sassafe ya ce ta raka shi fatsa. Niyyarsa idan sun yi nisa cikin ruwa, inda ba ɗakin da za ta shige ta rufe ƙofa, sai ya gaya mata a'a.

Jirgin na Davou ne, maƙwabcinsa mutumin Jos da ke aikin jinya.

"Sarkin ruwa, yau da gimbiya aka zo?" in ji Davou. "To Allah ya sa ta fi ka sa'a. Rabonka da tarwada tun kafin azumi."

"Jirginka ne ke warin asibiti, kifi ke gudu."

Hazo ya kwanta a kan Potomac, ba a ganin ɗaya gaɓar. Davou ya kashe inji, ruwa ya ɗauke su a hankali. Hamissou ya jefa ƙugiya ya zauna. Ɗan masunta ne daga Gaya, kuma duk sanda hazo ya rufe itatuwan Virginia sai ya ji kamar in ya waiwaya zai ga mahaifinsa tsugune a bayan kwalekwale. Sau da yawa ya buɗe baki zai yi maganar, ya ga Sailuba ta tsoma yatsu a ruwa, sai ya fasa.

Can zare ya yi nauyi. Ba fizga irin ta tarwada ba, kamar dai ƙasan kogin ne ya motsa. Ya ja, ya saki, ya ja, har kafaɗunsa suka yi tsami. Da abin ya taso gefen jirgi, duk suka leƙa. Tsawonsa ya kusa na mutum. Ba shi da ɓawo irin na sauran kifi, sai faifan ƙashi jere a gadon bayansa kamar sulke. Ga dogon hanci, ga gemu na reto a ƙarƙashi.

Hannun Hamissou ya riga tunaninsa. A Gaya babban kifi ba a jira ya yi tsalle, kulki ake sakar masa a ka, a kai gida a raba wa unguwa. Ya yi bisimilla ya ɗaga kulkin.

Sailuba ta riƙe masa hannu da hannuwanta biyu.

"Baba, kar ka buga!" Da Turanci ta saba amsa masa, amma wannan da Hausa ta fito. "Kifin da ake kira sturgeon ne. Bara aka sa doka a kansu, sun kusa ƙarewa."

"Arzikin da Allah ya kawo har hannu, in mayar?"

"Ka buga mana," in ji Davou, "mu kai maka tuwo gidan yari."

Ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa ta ɗora tafinta a kan kifin, ta koma Turanci tana magana a hankali kamar mai lallashin jariri. Ta ce kakannin wannan suna iyo da irin wannan sulken tun manyan ƙadangarun da ake nuna ƙasusuwansu a gidan tarihi suna yawo a doron ƙasa. Ƙasashe sun rabu, tekuna sun buɗe, shi bai ga dalilin canja kama ba. Mutane ne suka zo daga baya, suka kusa cinye shi saboda ƙwansa.

Hamissou bai kama duk Turancin ba. Idon kifin yake kallo, ɗan ƙarami, ba tsoro a ciki. Sai ya ga kamar hazon ya janye an bar duniya ba gada, ba hanya, ba Gaya, ba Amurka, ruwa kawai da wannan halitta tana tafiya a ƙarƙashi ba ta sauri. Ya ji kulkin ya yi masa nauyi, ya ajiye.

"A nan ake ƙyanƙyashe su," in ji Sailuba tana zare ƙugiyar. "Su tafi teku su yi shekaru, sannan su komo."

"Dukkansu ke komowa?"

Ta ɗago ta dube shi. "A'a, Baba. Ba duka ba."

Ya so a ce ƙarya ta yi masa. Ta nuna masa inda zai riƙe, ya tallabi cikin kifin, suka juya kansa yana fuskantar ruwa har numfashinsa ya daidaita. Kifin ya kaɗa wutsiya, ya zame daga tafinsu, ya nutse.

Hamissou ya daɗe hannunsa na cikin ruwa.

"Gobe ki ce musu kin amsa," ya ce, bai dube ta ba. "Amma ni zan kai ki da kaina, in ga ɗakin, in ga masu jirgin da za su riƙa fita da ke teku."

"Baba, tafiyar yini guda ce a mota."

"To me nake yi kullum?"