Har Zuwa Litinin

Gunvor na cikin rubuta lamba ta uku a kwamfuta sai Asger, shugaban tsaron kwamfutoci, ya leƙo da farantin kek a hannu.

"Ƙarfe sha biyu zan rufe ƙofofin nan, Gunvor, ko kin gama ko ba ki gama ba."

"To matsa mini daga kai mana!"

Na'urori uku ne ke rarraba saƙonnin asibitin, daga sakamakon gwajin jini har kiran likitoci. Duk lokacin da aka kunna su, kowace sai ta zaɓi ƙofar sadarwar da ta ga dama ta yi magana da 'yan'uwanta. Ita kuwa katangar tsaro, manhajar da ke tace saƙonni, ba ta yarda sai da ƙofa mai lamba tsayayyiya. Shekara goma sha ɗaya baya wani ya ga aikin da yawa, ya wangale ƙofofi dubu biyu gaba ɗaya, ya rubuta a gefe: "Na wucin gadi, har zuwa Litinin." Litinin ɗin da ba ta zo ba ke nan, sai masu bincike ne suka zo.

"Rahoto na buƙatar suna," in ji Asger. "Na shugabanki Torben ne a kai. Ko musu bai yi ba. Ranar ritayarsa fa, abin ba daɗi."

Gunvor ta ci gaba da aikinta. Ta ba kowace na'ura ƙofarta, ta kashe ta kunna ɗaya bayan ɗaya, har suka gane juna. Ƙarfe sha biyu Asger ya rufe sauran ƙofofin, saƙo ko ɗaya bai ɓata ba. Amma ita ba ta ji sanyi a ranta ba, don tun ranar Talata ta gane rubutun nan na "har zuwa Litinin" nata ne. A lokacin makonta na biyu ne a aiki, ba a buɗe mata shafinta ba, Torben ya bar mata nasa ya ruga ɗauko 'yarsa daga makaranta.

Ta same shi a ɗakin shan kofi yana rabon kek.

"Torben, ka san ba kai ba ne."

"Ci kek, sarkin surutu." Ya rage murya. "Ni gobe kamun kifi za ni. Wa zai bi ni cikin kwalekwale da rahoto? Ke ce ke neman kujerata, kada ki ɓata wa kanki."

"Shekara talatin, ka tafi da wannan?"

Ya ɗaga kafaɗa, amma bai iya kallon ta ba. Kunya ta rufe ta.

Ta koma tebur ta buɗe wasiƙa zuwa ga Asger. Zuciyarta ta ce ta bari sai Litinin, a gama maganar kujera tukuna. Ta daɗe tana kallon allon. Ta san irin wannan Litinin ɗin sarai. Ta rubuta sunanta, ta aika.