Ki Gaya Masa Ƙaramin Nake So

Mijina sunansa Abdulbaƙi. Na faɗa muku sau ɗaya don ku sani, kada ku sake tambayata, domin a gidanmu babu mai kiran sunan nan. Ni Dakta nake ce masa, tun kafin ya zama daktan, don in riƙa tuna masa abin da ya kawo mu Kuala Lumpur. Mahaifiyarsa kuwa, Iya, ko Daktan ba ta faɗa. Shi ne ɗanta na fari, ita kuma mutuniyar Misau ce ta ainihi, irin waɗanda kunyar ɗan fari ta zame musu jiki. Tun da aka yaye shi aka miƙa shi ga kakarsa, can ya girma. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta cin abinci a gabansa. In ta matsu ƙwarai sai ta ce "mutumin nan". Duk faɗin ƙasar nan masu kiran sunan mijina su ne farfesan da ya duba aikinsa da masu kawo saƙo a babur.

Da Iya ta zo bikin karɓar digirinsa, sai na samu aikin da ban nema ba, na zama tafinta. Gidanmu na Setapak ciki biyu ne da falo, in mutum ya yi atishawa a kicin sai na ɗaki ya yi masa addu'a. Amma haka Iya za ta zauna a kan darduma, shi yana kujera, ta ce, "Hure, ki gaya wa mutumin nan sanyin injin nan ya yi yawa."

In juya in ce, "Dakta, Iya ta ce sanyi ya yi yawa."

Ya ce, "Ki ce mata an rage."

Hausa nake ɗauka in mayar Hausa, safe da yamma, kuma ko sannu ba a ce mini.

Akwai ranar da muka kai ta wata ƙatuwar kasuwa mai benaye a cikin gari, muka waiga babu Iya. Dakta ya ruɗe, ya hau sama ya sauko, babbar rigarsa ta jiƙe da gumi duk sanyin wurin. Can sai muka ji lasifika tana kiran wata Hureira ta zo ta ɗauki mahaifiyarta. Muka same ta zaune a ofishin masu gadi, ta harɗe hannuwa, sun ba ta ruwa. Na yi ta tsokanarta a hanya, ina cewa yau Iya ta sa an san sunana a Malesiya. Ta kau da kai tana kallon titi, ni kuma ban kawo komai a raina ba.

Bayan biki, kwanakin komawarta gida suka fara ƙaratowa. Sai ga Dakta da shawara, wai yana so mu kai Iya hutu a teku, irin jiragen ruwan nan da ke tashi daga tashar Port Klang su zaga da mutane su dawo da su. Na yi tsalle. Na daɗe ina ganin matan unguwarmu suna ɗora hotunan babban jirgi, ina danna musu fatan alheri ina haɗiye miyau. Ashe shi ba babban yake nufi ba.

Da la'asar muka sauka shagon mamak da ke ƙasan benenmu, wato wurin shayi da abinci na Indiyawa Musulmi, don mu yi gardamarmu inda Iya ba za ta ji ba. Ya buɗe kwamfuta ya nuna mini jirage biyu. Na farko dodo ne, bene kan bene, da wurin iyo, da shaguna, da gidajen abinci iri-iri, mutum dubbai a ciki. Na biyu kuwa, a kusa da wancan, sai ka ce ɗan da ya biyo babansa kasuwa.

Na ce, "Haba Dakta, wannan ai kwale-kwale ne da aka shafa wa fenti."

Ya gyara tabarau. In mijina ya gyara tabarau, to lacca ta zo. Ya ce ƙaramin yana shiga lungunan tsibirai inda babban ba ya iya kusanta. Ya ce babu dogon layi wajen hawa da sauka, babu hayaniya, ma'aikatan sai sun san fuskar kowa. Na ce ni ba na so a san fuskata, so nake in ci abinci sau biyar ba wanda ya lura. Na ce babban ba ya tangal-tangal, kuma ya san ni sarai, ko motar haya na shiga na duba waya sai zuciyata ta tashi. Na ce a babban akwai wurin da za a riƙa yin wasanni, a ƙaramin me za mu yi, kallon ruwa? Ruwan da muke kallo kullum yana zuba ta taga?

Mai shagon ya zo wucewa, ya leƙa hoton ya ce, "Babba ya fi, lah." To ba da Hausa ya faɗa ba, amma hannunsa da ya buɗe ya isa fassara. Na ce wa Dakta ka gani, har an samu shaida.

Sai ya rufe kwamfutar. Ya daɗe yana juya cokali a kofin da babu komai.

Ya ce, "Hureira, ɗakin cin abinci ɗaya ne a ƙaramin. Kowane iyali da teburinsu, kuma lokaci ɗaya ake ci."

Na ce, "To sai me?"

Ya ce, "Ni ban taɓa cin abinci da Iya ba. Ko sau ɗaya. Na girma, na yi aure, ga shi har an ce na zama dakta, ban san yadda take riƙe cokali ba. In ta koma Misau kin san gidan, sai dai in durƙusa a bakin ƙofa in gaishe ta ta bayan labule. Shekaru kuma suna tafiya."

Wallahi sai tausayinsa ya kama ni, har na ji kunyar abincina sau biyar. Na ce shi ke nan, mu yanki tikitin ƙaramin mu yi shiru, sai dai ta gan ta a ciki. Ya girgiza kai. Wai ba zai yi wa mahaifiyarsa tarko ba, sai an nuna mata duka biyun ta zaɓa da kanta. Na ce to ka gama faɗuwa, domin macen da ke guje maka a ciki biyu da falo, in ta samu jirgi mai girman gari ai sai ranar sauka za ka sake ganinta.

Washegari bayan azahar aka yi zaman. Iya a kan darduma ta ba shi gefe, shi a kujera da kwamfuta, ni a tsakiya. Na yi niyyar in taimaka masa da 'yan gyare-gyare wajen fassara, amma ina, ai tana jin komai da kunnenta.

Iya ta kalli hoton babban ta ce, "La'ilaha illallahu. Hure, wannan a kan ruwa yake tsaye? Me ya riƙe shi?"

Dakta ya gyara tabarau, na yi sauri na ce, "Ikon Allah, Iya," don na san in na bar shi sai magariba.

Ta ce in tambaye shi ko naman ciki yankan Musulmi ne. Ya ce in gaya mata duka biyun ya tambaya, an tabbatar masa. Ta ce in tambaye shi ina gabas take a kan ruwa, ita da tun zuwanta ƙasar nan take fama, an ce mata a nan yamma ake kallo a yi salla. Ya ce in gaya mata zai riƙa duba mata alƙibla a waya.

Daga nan sai mijina ya shiga yi wa kansa ɓarna. Ya yabi babban jirgi kamar shi ya ƙera shi. Ya ce ba ya girgiza, akwai likita, akwai lifta ba sai ta taka bene ba. Ya ce mutum zai iya ɗaukar abincinsa ya tafi ɗakinsa ya ci shi kaɗai, ba wanda zai gan shi. Ina ta zare masa ido, ko a jikinsa. Da ya zo kan ƙaramin sai ya ce yana rausaya in iska ta taso, ɗakunan ƙanana ne, kuma teburi ɗaya za mu zauna mu uku. Ya faɗi wannan na ƙarshen yana kallon ƙafarsa. A raina na ce wannan bawan Allah da lauya ne da duk wanda ya kare sai ya kwana a kurkuku.

Iya ta ɗauki carbinta tana ja. Can ta ce, "Ki tambaye shi, a babban nan, in mutum ya ɓace wa nasa, yaya ake yi?"

Ya ce, "Ki gaya mata ba matsala ba ce. Sai ta samu ma'aikaci ta faɗi sunan wanda take nema, a kira shi a lasifika."

Ta ci gaba da jan carbi. Na riga na fara tunanin wane mayafi zan sa a hoton babban jirgi.

Sai ta ce, "Ki gaya masa ƙaramin nake so."

Na ce, "Iya, ƙaramin? Mai rausayar?"

Ta ce, "Shi. Ran nan a kasuwar nan, kina ta yi mini dariya. Ai na hange shi tun kafin masu gadi su zo. Yana ƙasa ina sama, yana ta waige-waige, hularsa a hannu, hankalinsa a tashe. Da kira ɗaya zan yi ya ɗago. Na buɗe baki, Hure, sunan yana nan a bakina, ya ƙi fita. Ina kallo ya shige cikin mutane." Ta gyara mayafinta. "Ba na son wurin da sai na kira shi. Gara wanda duk inda ya tsaya ina ganinsa."

Na juya wurin Dakta don in yi aikina. Na ce, "Iya ta ce," sai ya tari numfashina.

Ya ce, "Na ji." Ya tashi ya shiga kicin, wai ruwa zai sha, ya daɗe bai fito ba.

To, mun shiga ƙaramin. Gaskiya ba kwale-kwale ba ne, yana da kyau da tsabta, amma duk abin da Dakta ya faɗa na rausaya bai yi ƙarya ba. Abin haushi, Iya da ba ta taɓa ganin teku ba, ko gezau ba ta yi ba, tana zaune a sama tana kallon tsibirai tana tasbihi. Ni 'yar birni mai son hoto, tun da muka bar gaɓa cikina ya fara juyawa.

Da aka kira abincin rana na daure na bi su. An ba mu teburi kusa da taga. Iya ta ja kujerarta ta karkatar da ita wajen ruwa, ta zauna ta ba ɗanta rabin baya. Ni a tsakiya kamar kullum. Aka kawo shinkafa da gasasshen kifi. Ba wanda ya taɓa cokali, shi yana jira ta fara, ita tana jira ya kau da kai. Ƙamshin kifin nan yana bugun hancina, jirgi kuma ya ɗan sunkuya, sai na ji komai ya taho. Na miƙe da gudu ko uzuri ban bayar ba.

Na daɗe a banɗaki. Ina wanke fuska ina jin haushin kaina, domin na san abin da zan tarar: Iya ta tashi ta koma ɗaki, Dakta na zaune shi da kifi uku. Duk wahalar nan a banza, kuma laifin cikina.

Da na iso bakin ƙofar ɗakin abincin sai na ga tana nan. Har yanzu kujerarta a karkace take. Ta sa cokali ta yanko kan kifinta, ta tura shi a ɗan faranti zuwa tsakiyar teburi. Sannan ta dubi kujerata, wadda babu kowa a kai sai jakata, ta ce, "Hure, ki ba shi wannan. Tun yana yaro kan kifi yake so. Ina ganinsa ta katangar gidan kakarsa yana rigima a kai."

Dakta ya cire tabarau ya ajiye. Ya jawo farantin, shi ma ya dubi jakata ya ce, "Ki gaya mata na gode. Ki ce mata ita ma ta ci, zai huce."

Iya ta kai loma baki.

Wata ma'aikaciya ta zo kusa da ni tana nuna mini teburinmu, wai ko in koma in zauna. Na girgiza mata kai. Na samu wata kujera a bayan ƙofa na zauna da tashin zuciyata, na bar musu jakar ta ci gaba da aiki.